Ranar da Na Kwance Bishiyar Madam Rifkatu

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka kama ni da filaya a hannu ina kwance bishiya ba. Ni fa malamar makaranta, mai koyar da kimiyya ma tukuna (wannan shi ya fi min ciwo).

A ofishin malamai na makarantarmu da ke unguwar Badariya a Birnin Kebbi akwai Madam Rifkatu, 'yar Filato, wadda ta riƙe ni tamkar ƙanwa tun zuwana. In ta je gida ba ta dawowa ba tare da ƙullin dankalina ba. Wata rana ta shigo da wata 'yar bishiya a tukunya mai faɗi kamar faranti, ta ɗora a tagar da ke bayan kujerata. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, amma jikinta na tsohuwar bishiya ne, ganye ƙanana masu sheƙi, rassan kuwa an nannaɗe su da waya. Ta ce bonsai ake ce mata, kuma ta yi shekaru a haka. Na ce ma sha Allah, na ci gaba da aikina.

Da na je Argungu hutun ƙarshen mako sai na ba Gwaggona labari don a yi dariya. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ajiye shinkafar da take tsincewa ta ce, "Icce ya shekara bai girma ba, an ɗaure shi da waya, an aje bayan kujerakki? Ɗiyata, mi kika jira? Ke anka ɗaure! Shi ya sa ba ƙarin girma, ba miji."

Na ce mata camfi ne. Amma a mota na fara tuno sa'o'ina da aka ƙara wa girma aka bar ni, da wani da ya kawo gaisuwa gidanmu ya ɓace ɓat. Kafin mu shigo Birnin Kebbi maganar ta zauna min daram.

Ran Litinin na yi sammako, ofis ba kowa. Na kama waya ina warwarewa, ina karanto duk addu'ar da na iya, da ƙarfi kuwa (wai don ta fi shiga). Ina tsakiyar tofi na ji ƙas! Reshe ya karye a hannuna. Ina waiwayawa na ga Madam a bakin ƙofa da gorar ruwanta.

"Malama, lafiya?"

Ƙarya ta ƙi zuwa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Gwaggo ce ta ce an ɗaure ni."

Ta daɗe a Kebbi, ba ta bukatar ƙarin bayani. Ta dubi reshen, ta dube ni. Wallahi tsoro na ji, don na san na zargi matar da ba ta taɓa min komai ba sai alheri, kuma na ɗauka zumuncinmu ya ƙare ke nan. Sai ta zauna a kujerata ta fashe da dariya har da hawaye.

"Wayar don lanƙwasa reshe ce, ƙanwata. Saiwar ma ni nake rage mata, shi ya sa ba ta tsawo. Tagar nan ce ke samun hasken safe ba zafin rana. Kuma duk ofishin nan ke kaɗai na tabbata ba za ki juye mata ragowar shayi ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta gyara wurin karayar da almakashi, ta soka reshen a gwangwanin madara mai yashi, ta miƙo min. "Sai saman ya bushe ki ba shi ruwa. Ba shinkafar fadama ba ce."

Nan malamai suka fara shigowa. Malam Bello, wanda labari ba ya kwana a bakinsa, ya ga waya a ƙasa ya tambayi abin da ya faru. Madam ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Wayar ta fara cin jikin reshe, Malama ke taya ni cirewa." Ajiyar zuciyar da na yi, ina jin har masu gadi sun ji ta.

Reshen ya kama, yana ɗakina, kuma da hannuna na naɗa masa waya. Abin da na koya shi ne, in ka ga abin da ba ka gane ba, ka fara tambayar mai shi, musamman in kujerarsa na kusa da taka.