Kalmar Sirrin Rumbun Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙaryata mahaifina a zaurensa ba, da ilimin boko kuwa na yi, ina ji da kaina.

Shekarar fari ce, sojoji ke mulki, makarantarmu ta Yamai a rufe, sai na dawo Matameye da tarkacen takarduna. Bincikena a kan tabbatar da tsaron saƙon sirri ne. Hanya biyu ake bi. Ta farko, a ɗauka cewa maƙiyi ba ya buɗe komai sai da makulli, shi ke nan. Ta biyu, a lissafa yiwuwar ya cinki makullin da ka. Aikina in haɗa su, amma na fi son ta farko (ba ta sa ciwon kai).

Baba na shirin tafiya ci-rani Kano, hankalinsa duk yana kan rumbu, don irin shukarmu na ciki. In ya yi nisa, kowa sai ya zo wa Inna da "Alhaji ya ce a ba ni tiyar hatsi." Nan na miƙe. Na ce duk ɗan aike ya zo da kalmar sirri, kalma ba ta aiki sau biyu, Baba da Inna kaɗai za su zaɓa, ko ni kada in sani. Har majalisar ƙofar gida na je ina cika baki cewa tsarina ba ya fasuwa.

Da hadari ya fara haɗuwa Baba ya dawo, ya leƙa rumbu, ya tarar rabin iri babu. Inna ta ce ai shi ya aiko a ba Goggo Rabi, yayarsa ta ƙauyen Yauri da ke kusa da mu. Ya ce bai aiko ba.

A zaure ake maganar, abokansa na zaune. Maimakon in kama bakina, sai na gyara murya.

"Baba, ba zai yiwu ba. Na tabbatar da tsarin nan a rubuce. In kalma ta zo daidai, kai ka aiko. Mantawa ka yi."

Baba ya dube ni ya ce, "To, ni ne maƙaryacin ke nan."

Aka aika Yauri. Goggo ta zo a ƙafa, ta rame har zanenta na neman zamewa. Ba ta yi musu ba.

"Alhaji, ni ce. Jikokina sun kwana biyu sai ganyen tafasa, ba gari. Ina yawan zuwa gidan nan, na ji ɗan aike na fari ya ce Hadiza, na biyu ya ce Sani. Ni na yi wa yaran nan wanka duka, na san mai bi musu. Sai na ce Bilki."

Ashe sunayen 'ya'yansa ya jera bisa haihuwa, don kada ya manta. Bilki kuwa ƙanwata ce da ƙyanda ta ɗauke tun tana goye, ba a ambatonta a gidan. Inna ta ce da ta ji sunan, hawaye ne suka rufe mata ido, ta buɗe rumbun ba ta tambayi komai ba.

Baba bai yi wa Goggo faɗa ba. Ya sa aka ƙara mata hatsi, ya raka ta bakin hanya. Ni ma bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi mari zafi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Daminar nan rabin gonar muka shuka, saura kuwa ciyawa ta cinye, kullum in na wuce da fartanya sai na kawar da kai.

Na roƙe shi gafara, ya ce ya wuce, amma har ya rasu bai sake tambayata me nake karantawa ba. Hakan na damuna har yau.

Yanzu ni ke koya wa ɗalibai wannan fanni, kuma abin da nake fara gaya musu ke nan: duk hujjar da ta kai ka ga ƙaryata ubanka a gaban mutane, koma ka sake duba ta, kai ne ka manta wani abu.