Na Tumɓuke Bishiyar Mai Girma

Jama'a, ku taya ni murna, yau na zama mai laifi. Da hantsin yau, ni ɗin nan da kuka sani, mai gyaran fanka wanda ko kazar maƙwabci bai taɓa kora da ƙarfi ba, na tsaya cikin ruwa iya ƙugu, daga ni sai singileti, na rungumi bishiyar hukuma na tumɓuke ta. Kuma ba a ɓoye na yi ba. Mai gadin bishiyar da kansa ne ya riƙe mini lema.

Bari in ɗauko muku zancen daga farko. Layinmu gangare ne, gidanmu kuma shi ne na ƙarshe a ƙasa. A kusurwar gidan ta bakin titi akwai ɗakin Inna, mahaifiyata, wanda marigayi Baba ya gina mata tun ina goye. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti. Na yi na yi ta dawo ɗakin bulo na cikin gida, ta ce ita ba kayan shago ba ce da za a riƙa canza mata wuri. Abin da ya raba ɗakin nan da ruwan layinmu kaf shi ne kwalbati guda a ƙofar gidanmu. Duk ruwan da ya gangaro nan yake shigewa, ya bi ta ƙarƙashin titi ya kama gabansa. Muddin bakin kwalbatin a buɗe yake, Inna na barcinta har da minshari.

To, bana kun ga irin zafin da aka yi, ba sai na ba ku labari ba, jiki magayi. Ni dai a layin man fetur kwalta ta narke ta riƙe mini takalmi ɗaya, na bar mata shi na dawo gida da ɗingishi, kuma ban samu man ba. Mutane suka yi ta kawo mini lafiyayyun fankoki wai in gyara, iska mai zafi suke hurawa. Na ce bayin Allah, fanka ba ta ƙera iska, wadda ta tarar ita take raba muku. Zafi ya kawo mini kasuwa, rashin wuta ya kore ta, don ko na gyara sai dai in juya ta da yatsa in ce wa mai ita ya yi imani.

A bakin shagona maƙwabcinmu malamin kimiyya, wanda muke kira Ticha, yake hutawa in ya taso daga makaranta. Wata rana na ce masa, "Ticha, wai rana ce ta sauko ƙasa, ko mu ne muka hau sama ba mu sani ba?"

Ya ce, "Hayaƙi ne, Mai Fanka. Na motoci da masana'antu da janareto na duk duniya, ya taru a sama ya lulluɓe mu, zafi ya shigo ya kasa fita. Amma ba zafin kaɗai ne abin tsoro ba, har da abin da ke biye da shi. Wankin da matarka ke shanyawa, yana daɗewa bai bushe ba?"

"Kafin ta matse na biyu na farko ya ƙame."

"To ina ruwan ya tafi?"

Na ce ban bi shi ba.

"Sama ya tafi. Haka na kogi, haka na teku, haka na gona. Inda aka kwashe shi sai fari da gobarar daji, irin wadda kake ji a rediyo. Iska kuwa in ta yi zafi ta fi ɗaukar ruwa, ta yi ta sha kamar soso. Ranar da za ta matse, ruwan wata guda sai ta juye shi a zama ɗaya. Ga ƙasa ta ƙone ta yi tauri, ba za ta sha ba. Sai ya bi gangare yana neman wanda ke ƙasa." Ya dube ni, ya dubi gidanmu. Ban ji daɗin kallon nan ba ko kaɗan.

Ashe manya ma sun ji labarin ɗumamar duniya, Allah ya ƙara musu ji. Har jirgi suka cika suka tafi taro a kanta, suka dawo da jakunkuna masu nauyi, mai yiwuwa maganin ne a ciki. Ba a jima ba aka yi shela cewa Mai Girma Gwanin Yanka Ƙyalle, Garkuwan Masu Alkawari, zai zo layinmu da kansa ya dasa bishiya don ya sanyaya duniya. Bishiya ɗaya tal. Don ita aka zo da jerin motocin da ban ga ƙarshensu ba, kowace an bar ta a kunne kada kujera ta ɗau zafi, ga wani janareto gingimeme yana ba lasifika wuta yana ba mu hayaƙi. Ticha ya ce bishiyar nan ko jikokinta ba za su gama shanye hayaƙin bikin dasa ta ba. Na ce Ticha rufa mana asiri, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle mu da ko rimin babu.

Matsala ɗaya aka samu tun ana gobe biki. Ma'aikata suka zo haƙa rami, ƙasa ta ce ba ta san zancen ba. Diga ta karye, aka kawo wata ta lanƙwashe. Shugaban Kwamitin Tarbar Baƙi ya share gumi ya ce ba zai yiwu a ɗauki hoton Mai Girma yana kokawa da ƙasa ba, dole shebur ya shige sumul. Ya waiga nan, ya waiga can, sai idonsa ya sauka a bakin kwalbatinmu: ga rami a haƙe, ga zurfi, ga siminti gefe da gefe. Nan take aka kira tifa ta juye baƙar ƙasa mai laushi a ciki, aka daddale, aka shimfiɗa jar darduma har bakinsa.

Na lallaɓa na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, nan fa hanyar ruwa ce."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, fes, babu ko ɗigon gajimare. Ya ce, "Wane ruwa?"

Gaskiya a ranar ya fi ni hujja.

Mai Girma ya zo, ya soka shebur mai ƙyalli, ya ɗaga kai aka ɗauki hoto, muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Aka kafa allon da ya ninka bishiyar girma, an rubuta duk wanda ya taɓa ta zai gamu da fushin hukuma. Aka ɗauki Dogo, tsohon mai facin taya na kan kwana, aka ba shi hula da bokiti, aikinsa gadin bishiya da ba ta ruwa kullum safe. Aka kuma yi alkawarin za a haƙa wa ruwa wata hanyar kafin damina. Alkawarin yana nan sabo dal, ko ƙwarzane bai yi ba, don ba a taɓa amfani da shi ba. Mu kuma jaruman layi, kullum sai mu tsaya mu karanta allon, mu dubi kwalbatin, mu ce gobe ma rana ce.

Yau da safe ina buɗe shago na ga gabas ta haɗe rai. Iska ta taso ta kwashe rumfar mai shayi ta kai wa mai aski kyauta. Sai ruwa. Jama'a, na ga ruwan sama a rayuwata, amma wannan ba sauka ya yi ba, juyo shi aka yi. Kafin in rufe shago layinmu ya zama kogi, ga takalma da robobi da kujerar mai aski suna wucewa a jere, duk sun nufi gidanmu ba da goron gayyata ba. Ruwa ya iso bakin kwalbati, ya tarar da bishiyar Mai Girma, ya yi mata ladabi, ya kauce ya shige ƙofar gidanmu.

Na faɗa gida na tarar uwar yara ta ɗora buhun abinci a ka, yara sun haye tebur suna ihun murna wai an kawo musu teku har gida. Na zarce ɗakin Inna. Ruwa ya cinye ƙafafun gadonta, ita kuwa ta tanƙwashe ƙafa a kai tana jan carbi.

"Inna, taso mu fita, ginin nan ya fara shan ruwa."

"Kai dai ka cika gaggawa. Ɗakin nan ya ga damina tun ba ka san hanyar bakinka ba."

"Ruwan yanzu ba irin na da ba ne, Inna."

"To je ka gaya masa ya bi hanyarsa. Ni nan ubanka ya ajiye ni."

Na dafa bangon na ji ya yi sanyi, yatsana har yana nutsewa. A nan dariya ta ɗauke mini, tsoro ya kama ni sosai.

Na cire riga na fita da gudu. A bakin kwalbati na tarar da Dogo, ruwa iya cinyarsa, lema a hannun hagu, bokiti a dama, yana ɗibar ruwan ambaliya yana zuba wa bishiya.

"Dogo, me kake yi haka?"

"Aikina mana. An ce kullum safe. Ba a ce ban da ranar ruwa ba."

"Matsa, cire ta zan yi."

"Haba Mai Fanka! Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. So kake a karɓe hular?"

"Ɗakin Inna zai faɗi, kuma tana ciki."

Dogo ya daɗe yana cin abincin Inna, tun kafin ya san akwai aikin hula a duniya. Ya ajiye bokiti, ruwa ya tafi da shi, ya ce, "To ni dai ban ga komai ba, ruwa ya shige mini ido. Matso in rufa maka lema kada mura ta kama ka."

Na tattara ƙarfina duka, na yi bismillah, na rungume ta na fizga, ina zaton za a sha dambe. Sai ga ni warwas cikin ruwa, bishiya a ƙirji. Ashe tun ranar biki ba a cire ta daga baƙar ledar da aka sayo ta a ciki ba. Ko saiwa ɗaya ba ta taɓa ƙasarmu ba, tana zaune a ledarta tsaf kamar baƙuwar da ba ta kwance kaya ba. Ticha ya iso da shebur, mai aski da kwano, mai shayi da murfin tukunya, muka yi ta yashe ƙasar Mai Girma. Can sai kwalbati ya yi wata doguwar gyatsa, ya fara zuƙe ruwa. Muka dinga tsalle muna ihu, manya da gemu, Dogo har da rawa da lema.

Sai dai ihu ne bayan hari, bangon ya riga ya sha ya ƙoshi. Da na koma na ga tsaga ta hau daga ƙasa har rufi, ban sake neman izini ba. Ni da Dogo muka sunkuci Inna ɗungurungum da katifarta, tana zaune a kai tana zazzaga mana faɗa, wai mun raina ta, wai ko amarya ba a yi wa irin wannan ɗauka. Mun sauke ta a falo ke nan muka ji rugugi. Ɗakin ya zauna a hankali, rufi ya bi shi. Inna ta daina faɗa. Ta daɗe tana kallon wurin ta taga, sannan ta ce, "Ubanka da hannunsa ya kwaɓa ƙasar nan." Ban taɓa jin tausayin mahaifiyata irin na yau ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa zuwa layinmu ba. Masu hayaƙi suna kan tudu, masu dasa bishiya suna kan tudu, Inna da ko babur ba ta yarda ta hau ita ruwa ya doka. Bishiyar dai baiwar Allah ba ta da laifi. Ticha ya yage mata ledar ya dasa ta can gefe, tunda yau ƙasa ta yi laushi kyauta.

Da la'asar rana ta fito, sai ga mota mai baƙin gilashi. Na ce madalla, manya sun zo jaje, wa ya ce ba su da tausayi? Shugaban Kwamitin Tarbar Baƙi ya fito yana tattare ƙafar wando, ya tsallake tarkacen ɗakin Inna bai ko kalle shi ba, ya leƙa kwalbati, ya daka tsawa: "Wane ne ya tumɓuke dukiyar hukuma?"

Dogo ya ce ruwa ya shige masa ido. Ticha ya duƙufa yana nazarin takalminsa. Ni kuwa na buɗe baki, Allah ya sani ban san abin da zai fito ba, sai na ji murya a bayana.

"Ni ce."

Inna ce a bakin ƙofa. Ta yafa mayafi, ta ƙulle 'yan kayanta da suka tsira a cikin ɗankwali.

Ya ce, "Haba Mama, ke da ko tsayuwa da ƙyar..."

"Na ce ni ce, ɗan nan. Da hannu ɗaya ma na cire ta. Ba fushin hukuma kuka rubuta ba? To ga ni. Na ji an ce inda kuke ajiye masu laifi ginin siminti ne, a kan tudu yake, kuma ba ya yoyo. Buɗe mini motar."

Ta nufi mota tana dogara sanda. Tunda nake ban taɓa ganin babban mutum ya shige mota da sauri haka ba, har ƙofa ta kama masa gefen riga. Ya leƙo ta gilashi ya ce za a kafa kwamiti, direba ya ja, suka watsa mana taɓo suka tafi.

Yanzu haka da nake wannan rubutu Inna tana zaune a ƙofar gida da ƙullinta a cinya, ta ƙi shiga ciki, wai kada su dawo su ce ta gudu. Gabas kuma ta sake haɗe rai. Saboda haka ina roƙon Mai Girma, don darajar kujerarsa, in za a aiko a kama ta, a turo babbar mota. Layinmu kaf mun amsa laifin, kuma kowa ya ɗaure kayansa.