Ranar da Baffa Ya Same Ni Ina Yi wa Kwamfuta Fifita

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Baffa Sahabi ya ɗaga labulen ɗakina ba. Ko na so in manta ma, mutanen Kebbe ba za su bar ni ba.

Ni ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma a Tambuwal, mai riga da hula, wanda in ka gan shi da safe za ka rantse bai san wasa ba. Amma tun ina sakandare nake da ciwo guda: wasan kwamfuta. Na yi shekaru ina buga ƙwallo da tseren mota a waya har babban yatsana ya yi kanta. Burina shi ne in haɗa kwamfutar wasa da hannuna, irin wadda nake gani a bidiyo Turawa na haɗawa a ɗakunansu masu sanyi suna murmushi. (Ku riƙe maganar ɗakuna masu sanyin nan, za mu dawo kanta.)

A daidai lokacin kuma ina neman auren Luba, ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kebbe. Mahaifinta ya rasu, don haka ƙanensa, Baffa Sahabi, shi ne waliyyinta. Dattijo ne manomi, ba ya yawan magana, in ya ce a'a kuwa an rufe zancen. Magabatana sun je gaisuwa, aka ce a ba su lokaci su yi bincike. Kun dai san yadda ake yi: a zo unguwarku ba sanarwa, a tambayi liman da maƙwabta da mai shayi. Yana salla? Yana shaye-shaye? Da su wa yake yawo?

Luba ta ja min kunne a waya. "Don Allah ka natsu kwanakin ga. Baffa da kainai zai zo, kuma ba ya faɗin rana."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ni ai ko sauro ba ya kai ƙarata.

To, albashina ba ya sayen sabuwar kwamfuta, sai dai a yi ta tsinto kaya na hannu ɗaya bayan ɗaya. Wani mai shago a Sakkwato ne ke turo min, ya ba direban bas, in je tasha in karɓa ina rungume da kwali kamar an ba ni jariri. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na ɗauki tsohuwar yayi amma mai ƙarfi. Ram, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ke gabanta, na sayi guda, na ce ɗan'uwansa ya biyo baya in Allah ya hore. A katin hoto na zuba ƙarfina, don shi ne ran wasan. Fawa kuwa, akwatin da ke raba wa kayan wuta, na ɗauki mafi arha, mara suna, mara nauyi, sai ka ce gwangwanin madarar da aka shanye.

Saura abu biyu, aljihuna kuma ɗaya zai iya. Ko in sayi fanka mai kyau ta sanyaya furosesa da ƙananan fankoki in zuba komai a wani mummunan tsohon akwati, ko in sayi wani baƙin akwati mai gilashi a gefe, da jajayen fitilu masu numfashi, suna haske suna dishewa, amma ko fanka ɗaya babu a cikinsa.

Na kai maganar gaban Murtala, abokin aikina, wanda teburinmu ke kallon juna kuma hankalinmu bai wuce na juna ba. Ya kalli hotunan biyu ya ce, "Kai, wa ka ganin fanka? In mutum ya shigo ɗakinka, wuta zai gani. Sayi mai wuta!"

Wallahi na san gaskiya. Na kalli bidiyo ba iyaka, duk suna cewa kar a yi wasa da sanyaya. Amma da na sake kallon jan hasken nan sai zuciyata ta narke. Na ce ai tsohuwar fankar da ta zo manne da furosesar za ta riƙe ni zuwa wani wata. A Tambuwal. A tsakiyar bazara. Lokacin da ko ƙadangare ba ya taka ƙasa da rana.

Na sayi mai wutar. Ranar da na gama haɗa kwamfutar, ta tashi lafiya lau, har na yi 'yar rawa ni kaɗai. Sai dai da zarar na fara wasa, fankar ta hau kuka kamar injin markaɗe, akwatin ya ɗau zafi, can sai ɗif, kwamfutar ta mutu. Fawar nan mai arha kuma ta riƙa fitar da warin robar da ta sha wuta.

Nan na shiga dabaru. Wutar gwamnati ba a maganarta, ƙaramin janareto nake tayarwa a bayan taga, shi kuma in na haɗa masa fankar ɗaki sai ya fara tari, don haka ba fanka. Rana na dukan allon kwamfutar ta taga, sai na aro baƙin zanin Inna na toshe tagar. Don ɗakin ya yi sanyi na ajiye ƙwarya cike da ruwa ina yayyafa wa ƙasa. Don warin roba na kunna turaren wuta. Baƙar kazar Inna kuma ta gano cewa ɗakina ne kaɗai mai damshi a gidan, ta tare a gindin tebur, na kore ta har na gaji na ƙyale ta. Daga ƙarshe na gano cewa in na zare gilashin gefe na yi wa kwamfutar fifita da mahuci, tana jurewa. (Ban taɓa tsayawa na kalli ɗakin da idon baƙo ba. Da na yi, da ni ma na gudu.)

Ranar Asabar ɗin, bayan azahar, ina saka wa kwamfutar wani babban wasan ƙwallo wanda duk lokacin da ya kusa gamawa sai ta mutu in koma farko. Na tuɓe riga saboda zufa, daga ni sai singileti da gajeren wando. Na durƙusa gaban akwatin, jan haske na numfashi a fuskata, hayaƙin turare ya cika ɗaki, ina fifita iya ƙarfina ina lallashi: "Haba 'yar albarka, yi haƙuri, kar ki mutu min yanzu, saura kaɗan."

Ashe Baffa Sahabi ya iso tun hantsi. Liman ya yabe ni, maƙwabta sun yabe ni, mai shayi ne kawai ya ce yaron kirki ne, amma kwanan nan ya daina fitowa majalisa, kullum yana ƙunshe a ɗaki. Ɗakina kuwa a ƙofar gida yake, jikin zaure. Baffa ya tsaya ya yi ta sallama, ƙarar janareto ta hana ni ji. Da ya ga hayaƙi na fita ta ƙarƙashin labule, ga warin ƙuna, sai ya zaci gobara ce ya ɗaga.

Hasken waje ya faɗo min, na waiwaya da mahuci a sama. Muka haɗa ido. Ya dubi jan hasken, ya dubi ƙwaryar ruwa, ya dubi baƙin zani, sannan idonsa ya sauka kan kazar, ita ma ta karkata kai ta dube shi.

"A'uzu billahi," ya ce a hankali. "Yaro, mi kaka bauta ma?"

Na buɗe baki in yi bayani. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baffa, zafi taka ji."

Ya saki labulen ya juya. Jama'a, ban san lokacin da na bi shi ba. Haka na fito titi da singileti da gajeren wando, ba takalmi, ƙasa na gasa min ƙafa, mahuci a hannu, ina ihu, "Baffa, kwamfuta ta! Wallahi kwamfuta ta!" a gaban 'yan majalisar da ke ƙarƙashin dalbejiya, har da Murtala, wanda ya faɗo daga benci don dariya. Na cim ma Baffa yana shirin hawa kabu-kabu, na durƙusa a tsakiyar hanya na roƙe shi ya dawo ya gani da idonsa. A lokacin tsoro ya gama kama ni, don na san in babur ɗin nan ya tashi, ya tafi da Luba ke nan.

Allah ya taimake ni ya dawo. Na yaye zanin, na kori kazar, na nuna masa allo don ya ga ƙwallo. Allon baƙi ƙirin. Ta mutu tun da na daina fifita.

Na ce sai ta huce za ta tashi. Ya zauna bakin katifa, ni kuma na koma na durƙusa na ci gaba da aikina, zufa na ɗiga daga haɓata. Can ya yi tsaki ya miƙo hannu.

"Kawo nan. Ko fifitar ba ka iya ba."

Haka waliyyin matar da zan aura ya naɗe hannun babbar riga ya yi wa kwamfutata fifita, a natse, irin ta mai hura garwashi. Ta kuwa tashi. Na buɗe tsohon wasan tseren mota na nuna masa. Ya daɗe yana kallon motar tana karo da bango, sannan ya tambaya ko wani abu ake samu a ciki. Na ce a'a, nishaɗi ne kawai.

Ya girgiza kai ya miƙe. "Da tsafi na, na san malamin da za mu kai ka. Wanga kam ban san maganinai ba."

Kwanakin da suka biyo baya ko abinci ban ci da daɗi ba. Luba ta ƙi ɗaukar wayata, na tabbata na yi asarar ta saboda jajayen fitilu. Da ta kira daga baya, dariya ta hana ta magana, sai da ƙyar ta ba ni labari. Wai Baffa ya tara dangi ya ce, "Na bincika. Yaron ba shi da aibu, wauta ta kawai. Amma wanda ka durƙusa ma akwati cikin zafin ga shina yi mata fifita, ba ya barin ɗiyarmu ta wahala. Ku ba shi."

An ɗaura aure a Kebbe bayan damina. Ana gama fatiha, Baffa ya sa hannu cikin babbar riga ya zaro sabon mahuci mai ado, ya miƙo min a gaban kowa, fuskarsa ba alamar dariya. Tun daga ranar ba wanda ya sake kiran sunana a garin. Tsofaffi da 'yan kabu-kabu duk Mai Fifita suke ce min, ni kuma ina amsawa.

Fanka kam na saya, babba, mummuna, ba ta da ko ɗigon haske, kwamfutar ba ta sake mutuwa ba. Don haka duk mai shirin haɗa tasa da ɗan abin da ke aljihunsa, ga shawarar wanda ya gani: sayi abin sanyaya kafin abin ado. In kuma ka ƙi ji ka sayi mai wuta, to ka sayi sakatar ƙofa tare da ita.