Yadda Za Ki Ƙera Ɗan Bijimi da Garin Haƙori, Ki Rasa Naman Layya

Bana, 1957, magana ta zaga Wudil wai masu yin haƙoran roba a Kano suna da wani gari da ruwansa, da an kwaɓa sai ya daskare kamar dutse, ba rana ba wuta. Wata tsohuwar malamar makaranta da na sani ta ce ƙarya ne, shekara sittin ba ta ga tukunyar da ta yi ƙwari ba a gasa ta ba. Ki bi sawunta, na yi miki alkawarin samun abin da ta samu, ba ragi.

1. Samo kaya

Ki bari haƙoran robarki su tsage biyu ana saura kwana takwas Babbar Salla. Haladu ɗan ƙanenki, mai aikin haƙori a birni, zai ajiye miki gwangwanin gari da 'yar kwalba.

"Gwaggo, don Allah kada ki taɓa. Na gyaranki ne kaɗai, babu wani. Ran Juma'a zan dawo in liƙe miki."

Ki ce, "Haba Haladu, ni yarinya ce?"

2. Raɗa wa karambani suna mai daraja

Jahili ne yake taɓa kayan mutane. Mai ilimi gwaji yake yi. Tsohuwar nan ta yanke shawarar ƙera ɗan bijimi bisa ma'auni, inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Ta auna bijimin maƙwabcinta Isyaku da igiya, bijimin yana hararar ta tana hararar sa: ƙafa shida, wato inci shida. Lissafinta bai taɓa kuskure ba. Yawan garin da zai cika inci shida ne kawai ba ta lissafa ba.

3. Yi mazubi

Ki murza bijimin da yumɓu, ki danna shi cikin wani yumɓun ya bar gurbinsa, ki shafe gurbin da man gyaɗa.

4. Kwaɓa

Rabin gari a kofin shayi, ruwan kwalba a kai, ki juya da cokalin da kika fi so. In warin bai kori kaji daga tsakar gida ba, ki ƙara ruwa.

5. Amsa sallama

Nan ne gwanintar take. Daidai lokacin zubawa Barakatu aminiyarki za ta faɗo daga Darki.

"Malama, ina wuni? Ina gajiya? Ya jiki? Ya gwiwar nan?"

Ki amsa, ki tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar da ta haihu. Kofi zai ɗau zafi a hannunki. Ki daure, 'yar mutunci ba ta katse gaisuwa. Kafin ku kai ga tambayar ya damina, cokali ya tsaya cak, ko ƙato bai zare shi.

Barakatu za ta leƙa ta ce, "Wannan tuwon, wa ya yi miki laifi za ki ba shi?"

6. Kada ki yarda da gwaji ɗaya

Haka kika koya wa ɗalibai. Ki sallami Barakatu, ki kulle ƙofa, ki kwaɓa sauran, ki zuba tun daga wajen kai. Zai ƙare a ƙirji. Da ya huce ki fasa yumɓun: ga ƙaho, ga tozo, ga ƙafa biyu, duk jajaye-jajaye launin dasashi.

7. Tarbi Haladu

Zai girgiza gwangwani ya ji shiru.

"Gwaggo, ina garin?"

Ki miƙa masa rabin bijimi. Zai jujjuya shi ya ce, "Wallahi tozon ya fita. Amma wani garin sai bayan Salla da wata biyu."

Kada ki yi masa dogon bayani. Da bakin da babu haƙori ba a cin gardama.

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin cokalin kowa, ko kofinta, ko ragon da za a soya a gabanta tana kallo ba. Garin yana daskarewa ba rana ba wuta, kafin a gama gaisuwa ɗaya. Tsohuwar ni ce. Ran Salla romo na sha.