Rasuwar Ɗan Siwis, Agogon Alhaji Haladu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Alhaji Haladu Cindo, tsohon dillalin shanu a kasuwar Maigatari, mazaunin Gumel, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na kusa da waɗanda suka yi nisan kiwo, rasuwar agogona kuma abokin zamana, wanda aka fi sani da Ɗan Siwis. Ya cika ranar Talata da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, bayan shekara talatin da ɗaya a hannuna. Babu jayayya game da lokacin rasuwar, don marigayin da kansa ya nuna shi, har yanzu ma shi yake nunawa.

Marigayin haifaffen ƙasar Siwizalan ne, ya shigo ta Damagaram a aljihun wani falke. Abin da na bayar a kansa kuwa, har matata Hajiya Ummulkhair ta koma ga Allah ban faɗa mata ba, ita ma ta rufa mini asiri ba ta tambaya ba.

Kowa ya shaide shi da gaskiya. Shekara talatin yana hannun dillali, amma bai koyi ƙari ko ragi ba. Bai taɓa cin batir ba, bai taɓa neman caji ba. Wani ɗan ƙarfe ne a cikinsa mai lilo, duk sanda hannu ya motsa sai ya ɗaure masa wayar da ke tafiyar da shi, da haka yake rayuwa. A dama nake ɗaura shi, don hagu tana da aikin da bai kamata babban baƙo ya gani ba. Saboda haka abincinsa gaisuwa ce. Ranar Alhamis a kara, wato kasuwar shanu, kafin azahar na yi musabaha da mutum ɗari, daga Fulanin da suka koro shanu zuwa fataken Kudu, a ja hannu a girgiza har ciniki ya faɗa. Ranar nan Ɗan Siwis kan ƙoshi har ya yi guzurin kwana biyu. Ba shi da surutu, maganarsa ɗaya ce, tik-tik-tik, ita ma sai ka kai kunne. Hajiya takan leƙo daga madafa ta tambaye ni abin da abokina ya ce, in duba in faɗa mata. Shekara uku ke nan babu wanda ya tambaye ni lokaci a gidan nan.

Ciwon ajalinsa ya soma ne bayan gwiwa ta zaunar da ni, na bar kasuwa, salla ma sai a zaune a zaure. Da fari jinkiri ya riƙa yi, daga baya sai suma. Na ɗauki shatar mota na kai shi Maigatari wurin Malam Abdulganiyu mai gyaran agogo, wanda ya san cikinsa tun yana sabo. Ya maƙala gilashi a ido, ya buɗe, ya duba, ya ɗiga mai, ya rufe. Sannan ya dube ni ya ce, "Alhaji, agogon nan lafiyarsa ƙalau, yunwa ce. Yaushe rabonka da ka gaisa da mutum goma a yini?" Na juya ina kallon manyan motocin da ke layin shiga Nijar, na ɗauko zancen damina.

An yi iya ƙoƙari, kada a ce an yi sakaci. Malam ya ce in riƙa murɗa masa kai kowace safiya. Na yi kwana biyu na bari, don wanda ya saba cin guminsa ba a yi masa ɗura. Na gwada zama a zaure ina kaɗa hannu ni kaɗai, har wata mai tallan fura ta tsaya ta tambaye ni ko ƙudan zuma ne. Daga nan na buga wa ɗana Habibullah waya a Abuja, na yi masa bayanin cutar dalla-dalla, na maimaita masa maganar Malam har sau biyu. Yaron kirki ne, bai yi nawa ba. Cikin mako guda ya aiko direban tasha da wani akwati mai taushin ciki, wanda ake jona wa wuta ya yi ta juya agogo don kada ya tsaya. Direban ta taga ya miƙo mini, ko sauka bai yi ba. Na sa Ɗan Siwis a ciki, na zauna ina kallonsa yana zagaye shi kaɗai, sai tausayinmu ya kama ni, na ciro shi. Allah ya yi wa Habibullah albarka, ya samar wa agogo mai jinya.

Abin da ya fi ci mini rai, a hannuna ya cika ban sani ba. Sai ranar Alhamis da safe, da na ji motocin shanu suna wucewa, na duba na ga yana cewa Talata. Kwana biyu babu abin da ya sa ni duba lokaci.

Ya rasu ya bar 'yan uwansa uku a akwatin Hajiya: mai ruwan zinariya da ba ya fita sai da salla, da baƙin da na sayo a Makka, da tsohon da na gada wurin Baffa, dukkansu sun daɗe da yin shiru. Akwai kuma agogon bango mai batir da aka raba a bikin 'yata Naja'atu, amma shi agola ne, ba ya cikin magada. Sai ni.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ni kuma na ce ba a binne shi. Gawar tana nan inda ta saba, a hannuna na dama. Za a yi zaman makoki na kwana uku a zaurena, daga Juma'a bayan la'asar. Akwai shayi, akwai goro. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya, ba a karɓar ɗan aike, kuma kada kowa ya aiko da wani akwatin. Kyauta na Gagarawa da Hamza na Ɗanzomo, abokan cinikina na da, na bincika an ce har yanzu mota tana zuwa Gumel daga garuruwanku. Habibullah da Naja'atu, kun san gidan.

Duk wanda ya zo, ya ba ni hannu ya girgiza sosai, irin na faɗuwar ciniki. Malam Abdulganiyu ya ce hannu arba'in sun isa su tayar da mamacin. Ni ban sa rai da arba'in ba, tabarma biyu na shimfiɗa. Wanda ya makara kada ya ji kunya ya juya. A gidan nan ƙarfe huɗu da minti goma ne har sai kun zo.