Wuƙar da ta haƙa rijiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa mazan garinmu Maijirgi haƙa a banza, da yunwa a cikinsu.

Lokacin fari ne, soja ke mulki, rijiyar unguwarmu sai laka take bayarwa. Ina goyon fari, sai ga ƙanin mijina Isufu ya dawo daga karatu a Faransa da wani akwati mai allura da sanda doguwa. Shi ya ƙirƙiro abin da kansa, har an ba shi takardar shaidar cewa nasa ne, ba mai kwaikwaya sai da izininsa. Wai ƙasa tana da nata maganaɗisu, kuma inda dutsen ƙarƙashi ya tsage ƙarfin yakan sauya, allura ta motsa. A irin wurin ake sa ran ruwa.

Sharaɗinsa ɗaya: kada kowa ya matso da ƙarfe. Maza suka ajiye makullai da agogo. Sojan da sufurefe, shugaban gundumarmu, ya turo ma sai da ya jingine bindigarsa can jikin gawo (a wancan zamanin, jama'a, soja ya rabu da bindiga!).

Ni kuwa son sani ya hana ni zama. Na yi kwalej a Tasawa, ina ganin duk matan garin ni kaɗai zan gane. Na cire 'yan kunne da awarwaro, na bi su daji da ɗana a baya, ina yi wa mata bayani: "Wannan ba duba ba ne, ilimi ne. Ku rage camfi, ku riƙe addu'a."

Aka yi ta yawo, allura shiru. Da na matso in leƙa, sai ta yi tsalle.

"Matarmu, ƙafarki da albarka!" in ji Isufu. Aka kafa turke, aka yi fatiha, maza suka ɗauko diga. Na tsaya ina murmushi kamar ni na ƙera akwatin.

Rami ya kai ƙugu, yaro ya fara kuka, na koma inuwa in ba shi nono. Isufu ya sake aunawa don ya tabbatar. Allura ko motsi. Ya girgiza akwatin, ya share gumi, na ji wani tsoho yana cewa, "Kayan Nasara ya gaji da rana." Tausayinsa ya kama ni, na taso in ba shi baki. Ina isowa allura ta zabura.

Ya dube ta, ya dube ni. "Matarmu, ja baya." Na ja, ta kwanta. "Matso." Ta tashi. Ya zagayo da sandar ta bayana, daidai majanyi, allura ta buga ƙarshe.

Sai lokacin na tuna. 'Yar wuƙar nan da masu jego ke sokewa a goyo don tsoron iska idan za a shiga daji, tana nan tun safe. Na zaro ta a gaban maza, da soja, da matan da na gama yi wa wa'azi.

Na ce cikin sanyin murya, "Inna ce ta..."

Surukata, Allah ya jiƙanta, ba ta bari na ƙarasa ba: "Ni? Wa ya zo ɗakina yana raɗa, Inna ara mini wuƙarki?"

Masu haƙa suka fito daga rami ba wanda ya zage ni, kuma wannan ya fi mini ciwo. Da hatsin da nake ɓoyo na dama musu fura washegari. Isufu ya sake auno wani wuri, ni ina gida an sa mini mai tsaro, kuma Allah ya ba da ruwa. Ramin farko kuwa har yau Rijiyar Matar Yaya ake kiransa, awaki ke kwana ciki.

Tun daga ranar, kafin in yi wa mata wa'azi sai na laluba majanyina. Wuƙa kuma na bar wa albasa.