Garkar da Na Auna a Bakin Teku

"Ni Labbo, ruwa ya san ni. In na dubi tabki sau ɗaya, zan hwaɗa maka ranar da zai janye."

Haka na faɗa a fadarmu ta shayi a Badagishiri, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ana gobe zan bi motar albasa zuwa Kwatano. Kada ka yi dariya tukuna, abokina. Shekara ashirin ina noman rani, ruwa na janyewa ina bin sawunsa da dashe. Na yi wa ƴan fada alkawarin hotona a gaban teku, cikin shigar manya.

Shigar manyan ce babu. Sai matata Nasiba ta aro mini babbar rigar wanta Maman Sani, farar shadda mai aiki har ciki. Da zai miƙo ta sai da ya riƙe hannuna.

"Labbo, wagga riga da ita zan ɗaura armen ɗiyata. Kak ka bari ko ƙuda ya sauka kanta."

Kwatano kuwa ta karɓe ni da zufa. Na gaida mutum goma sha ɗaya a titi, har da tambayar iyali, babu wanda ya amsa. Da na ga ƴan kabu-kabu fiye da ɗari cikin riguna ruwan ɗorawa, sai na koma gefe na ƙame, na zaci wani babba ne zai wuce. Bala direbanmu ya ja ni yana ƙyaƙyata dariya. Na ce masa ai gwada shi nake.

Ranar Lahadi ya kai ni teku. Gaskiya na tsorata, don ruwan ba shi da ɗaya gaɓar. Amma da na ga ya taso, ya kuma ja da baya ya bar fili sumul a jiƙe, sai manomin da ke cikina ya farka.

"Bala, mutanen ga ba su da wayo. Ruwa shina janyewa, ga damshi, ba wanda ya dasa ko tumatir."

"Labbo, wanga ba tabki ba na. Shina komowa."

"Kai da sitiyari kaɗai ka sani za ka koya min ruwa? Riƙe waya. Bari in auna garkata, sannan mu yi hoton."

Don kada zufa ta taɓa amanar Maman Sani, na tuɓe rigar, na ninke ta da ladabi, na ɗora a kan takalmana daidai inda ruwan ya bari, na danne da hula. Na shiga taku ina ƙirga fangalin dashe, daga ni sai wando da singileti. Ina kan na goma sha bakwai, har na zaɓi inda zan kafa injin ban ruwa, na ji ruri a bayana.

Abin da na tuna kawai, ƙafafuna suna sama, bakina cike da gishiri. Da na miƙe ina tari, sai ga rigar can ta baje hannuwa a kan ruwa tana tafiya abinta. Na bi ta ina kira, wani ruwan ya sake maka ni da ƙasa. Takalmi ɗaya kawai teku ta dawo mini da shi, shi ma ba nawa ba ne.

Bala kuwa ya cika aikinsa. Hoto bakwai ya ɗauka, kuma kafin in gama amayar da yashi sun isa wayoyin ƴan fada.

Na koma gida ta bayan gari, kunya kamar in nutse. Na tarar da Nasiba tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Sannu da zuwa, Sarkin Ruwa. Yaya Maman Sani ya aiko. Ya ce tunda ruwa ya san ka, ka yi mishi magana ya maido riga kahin ɗaurin armen Juma'a."